Gwiwar Mai Cin Ƙwallo Ita Ce Jarinsa

Duk wanda ya ratsa garin Keffi da la'asar sakaliya, ko daga Abuja ya fito ko daga Akwanga, ba zai rasa ganin ƙura tana tashi a filayen makarantu da na unguwanni ba. Samari ne ke buga tamaula, wasu da takalmi, wasu kuwa ƙafa a ƙasa. In an zo raba gida, gardamar farko ita ce wa zai tsaya a gaba. Ba mai son tsaron gida, ba mai son zama a baya, kowa so ya ke a ce shi ne ya jefa ƙwallo a raga. Da dare kuma sai ka tarad da su cike a gidajen kallon ƙwallo, tare da ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa, ana ta musu a kan wane ɗan wasan gaba ne ya fi wane, da kuma miliyoyin da a ke biyan kowannensu a mako.

Abin da ba a cika tattaunawa a kansa ba a waɗannan wurare shi ne abin da ƙwallon ke ci a jikin mai cin ta. 'Yan'uwa mazauna Kurmi ba sa bukatar dogon bayani a nan. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 ta Ikko, da mai turin kura a Sabon Badun, da mai bin shanu zuwa Fatakwal, duk sun san cewa mutumin da jikinsa ne jarinsa, ran da jikin ya ƙi, ran nan kasuwa ta tashi. To, haka ya ke ga ɗan wasan gaba, komai yawan kuɗin da ya ke ɗauka. Kuma ba sai an je nesa neman misali ba, don kuwa ɗaya daga cikin manyan misalan ya taɓa zama a wannan jiha ta Nasarawa.

BAJIMIN KADUNA

An haifi Daniel Amokachi a Kaduna ran 30 ga watan Disamba na 1972. A nan ya tashi, a nan ya koyi ƙwallo, Hausa kuwa a bakinsa kamar kowane ɗan Kaduna. Yana wasa a kulob ɗin Ranchers Bees ne Baturen nan mai horad da 'yan wasan Nijeriya, Clemens Westerhof, ya gan shi, ya tafi da shi gasar cin kofin Afirka ta 1990 a ƙasar Aljeriya, yana ɗan shekara 17 kacal. Saboda ƙarfin ƙirjinsa da yadda ya ke kutsawa cikin 'yan baya ba tsoro, sai aka yi masa laƙabi da Bajimin Sa.

A shekarar nan ta 1990 ya tafi kulob ɗin Club Brugge na ƙasar Beljiyam. A 1994 yana cikin waɗanda suka ciwo wa Nijeriya kofin Afirka a Tunisiya. Bayan 'yan watanni kuma aka je gasar cin kofin duniya a Amurka, inda ya ci ƙasar Bulgeriya ɗaya, ya ci Girka ɗaya. A wasan da Italiya ta fid da Nijeriya, tun ba a je hutun rabin lokaci ba aka cire shi saboda rauni.

Daga nan kulob ɗin Everton na Ingila ya saye shi a kan Fam miliyan 3. Mutanen Everton har yau ba su manta da ran 9 ga watan Afrilu na 1995 ba, ranar da suka kara da Tottenham a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA. Ana cikin duba wani ɗan wasansu da ya ji ciwo, Amokachi ya shige fili tun manajansa bai gama yanke shawara ba, ya kuma ci biyu, aka tashi 4 da 1. A wasan ƙarshe suka doke Manchester United suka ɗauki kofin. A 1996 ya koma Besiktas ta Turkiyya, a shekarar kuma ya ci ƙwallon da ta rama wa Nijeriya a wasan ƙarshe na Olamfik a Atlanta, inda aka ci Ajantina 3 da 2 aka karɓo zinariya.

Duk wannan ya faru ne bai cika shekara 24 ba. Kowa na ganin yanzu ma aka fara.

Sai gwiwa ta ce ba haka ba. A gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa, wasa ɗaya tak ya samu bugawa, watau wanda aka yi da Bulgeriya, saboda ciwon gwiwa. Bayan ya bar Besiktas sai aka shiga yawon neman kulob. Ya sa hannu da kulob ɗin 1860 Munich na Jamus, likitocinsu suka auna shi suka ce gwiwar ba za ta ɗauka ba, aka soke yarjejeniya. Ya gwada Tranmere Rovers a Ingila, bai samu shiga ba. Ya gwada Creteil a Faransa, nan ma ciwo ya hana. A 2002 kulob ɗin Colorado Rapids na Amurka ya ɗauke shi, amma aka sallame shi bai buga musu wasan gasa ko ɗaya ba. Mutumin da aka saya a kan Fam miliyan 3 ya zama ba mai iya ɗaukarsa ko da kyauta, a daidai shekarun da ɗan wasan gaba ke kai wa ganiyarsa.

Ƙarshen tafiyar ne ya kawo shi Jihar Nasarawa. A 2005 ya shiga kulob ɗin Nasarawa United na garin Lafiya, a 2006 kuma ya zama mai horad da 'yan wasansa. Daga baya ya yi mataimakin mai horad da 'yan wasan Nijeriya, yana tare da marigayi Stephen Keshi lokacin da aka ciwo kofin Afirka a 2013. Allah ya rufa masa asiri, ya sami wata hanyar ci da kai a cikin harkar da ya sani. Ba kowa ke samun wannan ba.

DON ME ƊAN WASAN GABA YA FI SHAN WUYA?

Ɗan ƙwallon da ke wasa a manyan kulob yakan yi tafiyar kimanin kilomita 10 a cikin minti 90. Yawan tafiyar ba shi ne babbar matsalar ɗan wasan gaba ba. Irin gudunsa ne ke cin jiki: ya zabura da ƙarfi, ya ci birki, ya juya a kan ƙafa ɗaya alhali ƙusoshin takalminsa sun kafe a ƙasa, sa'an nan ya yi tsalle ya dira. Yawancin lokaci kuma bayansa ya ke bai wa ɗan baya, don haka ba ya ganin ƙafar da za ta same shi.

A cikin gwiwa akwai wasu jijiyoyi biyu masu ƙarfi da suka gitta juna, su ne ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri kada su goce. In ta gaban ta tsinke, ba ta cika haɗewa da kanta ba. Ɗan wasan da ke son komawa fili sai an yi masa aiki, an yanko jijiya daga wani wuri a jikinsa an dasa masa, sa'an nan ya yi wata shida zuwa tara, ko fiye, yana koyon tafiya da gudu. Akwai kuma guringuntsi, wanda ke hana ƙashi gugar ƙashi. Shi wannan in ya cinye ba ya tsirowa kamar da, shi ya sa za ka ga tsohon ɗan wasa mai shekara 40 yana hawan bene kamar dattijo mai 70.

Sadiq Umar, wani ɗan Kadunan, ya ɗanɗani wannan. A farkon watan Satumba na 2022 kulob ɗin Real Sociedad na ƙasar Sifen ya saye shi daga Almeria a kan kimanin Yuro miliyan 20. Wasansa na farko ya ci Atletico Madrid. Ran 11 ga watan, a wasa da Getafe, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Ko mako biyu bai cika a kulob ɗin ba, ya kuma rasa sauran wasannin shekarar baki ɗaya.

KUƊI BA SU SAYEN GWIWA

Mai karatu zai iya cewa ai a Turai akwai ƙwararrun likitoci. Gaskiya ne akwai, amma ga abin da ya sami waɗanda suka fi kowa samun kulawa.

Marco van Basten na ƙasar Holan sau uku ana zaɓensa gwarzon ɗan ƙwallon Turai, a 1988 da 1989 da 1992. Idon sawunsa ne ya lalace, aka yi ta yi masa aiki. Wasansa na ƙarshe shi ne wanda AC Milan ta yi da Marseille a watan Mayu na 1993, yana ɗan shekara 28. Ya yi shekara biyu yana jinya da fatan komawa, a 1995 ya haƙura ya ajiye takalmi.

Ronaldo na Birazil ya ji ciwo a gwiwar dama a watan Nuwamba na 1999 yana wasa a Inter Milan. Ya dawo ran 12 ga watan Afrilu na 2000 a wasa da Lazio, bai yi minti goma a fili ba jijiyar ƙoƙon gwiwar ta tsinke gaba ɗaya, ya faɗi yana kuka. Shi dai ya yi sa'a ya warke har ya ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin duniya ta 2002. Amma a 2008 ɗaya gwiwar ma ta yi irin haka, a 2011 kuma ya bar wasa, ya ce jikinsa ne ya fi ƙarfinsa.

Gabriel Batistuta na Ajantina kuwa, bayan ya bar ƙwallo, da bakinsa ya faɗa wa 'yan jarida cewa azabar da ya ke sha a idon sawunsa ta kai har ya roƙi likita ya yanke masa ƙafafu. A 2019 aka sa masa gaɓar ƙarfe a idon sawu ɗaya.

KAI DA FUSKA DA CIKI

Ba ƙafa kaɗai ke shan wuya ba. Victor Osimhen, wanda ya tashi a unguwar Olusosun kusa da Ojota a Ikko, yana tallar ruwa a bakin titi, ya yi karo da wani ɗan bayan Inter Milan ran 21 ga watan Nuwamba na 2021 wajen neman ƙwallo da ka. Ƙasusuwan kuncinsa da na kewayen ido suka farfashe, sai da likitoci suka ɗaure su da faranti 6 da ƙusa 18. Wannan shi ne asalin baƙin takunkumin nan da yaran Keffi ke kwaikwaya suna ganin ado ne. Ya dawo ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya ta 2022 zuwa 2023, ya zama gwarzon Afirka na 2023, amma kaɗan ya rage ya rasa ido.

Taiwo Awoniyi, ɗan Ilori da ke wasa a Nottingham Forest a lokacin, ya daki turken raga da cikinsa a watan Mayu na 2025 a wasa da Leicester. Aka duba shi a fili, ya tashi ya ci gaba da wasa na ɗan lokaci. Ashe hanjinsa ya fashe. Sai da aka yi masa aikin gaggawa, aka kuma sa shi dogon barci a asibiti kafin ya farfaɗo.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta bayyana sai bayan shekaru. Jeff Astle, ɗan wasan gaba na West Bromwich Albion wanda ya yi suna wajen cin ƙwallo da ka, ya rasu a 2002 yana da shekara 59 bayan ya yi fama da gushewar hankali. Mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa yawan dukan ƙwallo da ka ne ya lalata masa ƙwaƙwalwa. A 2019 masanan Jami'ar Glasgow suka fid da sakamakon binciken da suka yi a kan tsofaffin 'yan ƙwallon Sikotilan, suka gano cewa mutuwa ta hanyar cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka kusan sau uku da rabi a cikinsu in an kwatanta da sauran jama'a.

ZUCIYA

Tsofaffin mazauna Ikko suna tune da ran 12 ga watan Agusta na 1989, ranar da Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Surulere ana wasa da Angola, ya rasu yana ɗan shekara 25. Bincike ya nuna ciwon zuciya ne.

A kwatanta wannan da labarin Nwankwo Kanu. Bayan an dawo daga Atlanta a 1996, likitocin Inter Milan suka auna shi suka ga akwai lahani a zuciyarsa. Aka kai shi Amurka aka yi masa aiki, ya warke, ya yi fiye da shekara goma yana wasa bayan haka. Awo ne ya cece shi, da ikon Allah.

A nan Jihar Nasarawa ma an ga irin wannan rana. Ran 8 ga watan Maris na 2020, a filin wasa na Lafiya, ana karawa tsakanin Nasarawa United da Katsina United, wani matashin ɗan baya mai suna Chineme Martins ya yanke jiki ya faɗi. Jaridu sun ba da labarin cewa motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, sai a wata mota aka ɗauke shi, rai kuma ya yi halinsa. Bayan haka hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta ba da umurni kada a sake fara wasa sai an tabbatad da likitoci da kayan aikinsu suna wurin. In haka ta faru a gasar da ta fi kowace girma a ƙasar nan, to, ina ga wasan unguwa da a ke yi a filin firamare, inda ko ruwan sanyi babu?

MAI ƊORI DA LIKITA

A Keffi, kamar sauran garuruwan Arewa, yaro in ya ji ciwo a wajen ƙwallo wurin mai ɗori a ke fara kai shi. Masu ɗori suna da gadonsu, mutane da yawa kuma sun ga amfaninsu a kan karaya da targaɗe. Amma tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ba karaya ba ce. Ƙashi lafiyarsa lau, ko hoton ƙashi aka ɗauka ba lalle a ga komai ba, sai da wata na'urar hoto ta dabam mai nuna nama da jijiya. In aka yi ta ja da murzawa, kumburi zai saɓe bayan 'yan makonni, yaro ya ɗauka ya warke ya koma fili. Gwiwar kuwa tana nan sako-sako, duk juyin da ya yi tana cin guringuntsi, har ta kai inda ba gyara.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. In yaro ya ji wani abu ya yi ƙara a cikin gwiwa lokacin da ya juya, ta kumbura cikin 'yan sa'o'i, daga baya kuma tana sagewa in ya taka kamar za ta kada shi, to, wannan ta asibiti ce. Akwai Asibitin Tarayya a cikin garin Keffi, Abuja ma tafiyar kimanin kilomita 50 ce. Kafin a je, a dakatad da wasa, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora, a ɗaga ƙafar. Wanda kuma ya yi karo da ka har ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, kada a bar shi ya koma fili ran nan, ko da ya rantse ya warware.

Sai maganar ƙwaya. Wasu samari kan haɗiyi Tramadol don su buga wasa da ciwo a jikinsu. Zafi kuwa ɗan aike ne, jiki ne ke faɗin a tsaya. In an toshe bakin ɗan aike, ɓarnar ba ta fasa ba. Tun daga ran 1 ga watan Janairu na 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta haramta wannan magani a lokacin gasa, don haka mai shan sa yana kashe gwiwarsa, yana kuma rufe wa kansa ƙofar Turan da ya ke mafarki.

BAYAN AN HURA USUR NA ƘARSHE

Mutanen Sabon Badun sun san Rashidi Yekini. Shi ma a Kaduna aka haife shi, a 1963, ya fara wasa a kulob ɗin masaƙar UNTL, sa'an nan ya gangaro Kurmi neman abinci kamar kowa, ya shiga Shooting Stars. Ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37, ya zama gwarzon Afirka a 1993, shi ne kuma ya ci wa ƙasar nan ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, ya kama raga yana kuka. Shekarunsa na ƙarshe a Badun ya yi su a keɓe, nesa da taron da ya saba yi masa tafi. Ya rasu ran 4 ga watan Mayu na 2012 yana da shekara 48. Allah ya jiƙansa.

Iyaye da yawa a Agege da Shagamu da Anacha suna da 'ya'ya a gida waɗanda ba su da zance sai na ƙwallo, wasu ma har aiko wa su ke a sai musu takalmi ko a biya musu kuɗin zuwa gwaji. Ba laifi ba ne, sana'a ce, ta kuma fid da gidaje da dama daga talauci. Amma uban da zai aika kuɗin takalmi ya kamata ya yi tambaya uku. Shin an taɓa auna zuciyar yaron nan a asibiti? In ya ji ciwo a kulob ɗin da ya ke, wa zai biya kuɗin magani, kuma an rubuta haka a takarda? Sa'an nan, ban da ƙwallo, me ya iya, karatu ko sana'ar hannu?

Amokachi yana da likitocin Turai da miliyoyin kuɗi, duk da haka gwiwa ta tsai da shi tun bai kai shekara 30 ba. Yaron da ke gudu a filin firamare a Keffi ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyashe mu da 'ya'yanmu, amin.